Hoton da Ke Bangon Zaure

"Wa ya ba ki izinin ɗaukar hoton nan?"

Auta ta juyo tana murmushi, a zatonta tsokana ce irin ta Dogo, ɗan ajinsu da ta ba wa zuciyarta. Zauren makarantar likitanci ya cika maƙil, ƙungiyarsu ta kare haƙƙin ɗan Adam tana nuna aikin da ta yi a sansanin 'yan gudun hijira. Hoton da ya fi kowanne girma ita ta ɗauka: wata dattijuwa kwance a tantin jinya, kai ba ɗankwali, ana ƙara mata ruwa.

"Haba masoyina, don a tausaya musu ne fa..."

"Mahaifiyata ce."

Auta ta sake duban hoton. Ita da ta gama jawabi yanzun nan a kan mutuncin majinyaci, har ana yi mata tafi! Can gefe ta hango sakatariyar ƙungiya tana danne dariya. Sakatariyar ce ta zaɓi hoton, ta sa aka ƙara masa girma, ashe ta san komai, kuma ta daɗe tana son Dogo.

Yayan Auta, wanda ya zo kallo, ya matso.

"Au, ɗan sansani ne? Wallahi ba zai yi aure a gidanmu ba!"

Dogo ya fice bai waiwayo ba.

Da hannunta Auta ta sauke hoton. Kunya ta hana ta ci, ta hana ta shiga aji. Da ta ga za ta rasa shi gaba ɗaya, sai ta nufi sansanin.

A ƙofar tanti ta tarar da shi yana wanke wa tsohuwar kwanuka. Ta zube a kan gwiwoyinta.

"Inna, ki yafe mini..."

"Ke ce mai hoton?" Inna ta ƙare mata kallo. "Ranar ina ganinki. Na so in ce ki rufa mini kai, bakina ya ƙi buɗewa."

Auta ta fashe da kuka.

"Laifin har da ni," in ji Dogo, kansa a ƙasa. "Kullum muka zo aiki sai in zaɓi wani tantin, don kar ki san nan ne gidanmu."

"To madalla!" Inna ta tafa hannu. "Ɗaya ya ɓoye ni, ɗaya ta baje ni a bango. Wa zan fara ja wa kunne?"

Inna ta dubi Auta.

"Kina son sa, 'yata?"

"Kamar raina, Inna... amma Yaya ya rantse."

"Share hawayenki. Ki ce wa yayanki ya shimfiɗa tabarma, kawunnansa na nan tafe. Gida aka ƙona mana, dangi kuwa muna da su."