Fitilun Gidan Baba

Da hantsi rahoton ya iso ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar wani dattijo a ɗakinsa. Autansa ne ya kira.

Sufeto ya tarar da gawar tsakanin gado da ƙofar banɗaki. A ƙofar ɗakin ya lura da wata sabuwar sakata, an kafa ta daga waje.

"Yaushe rabonka da shi?" ya tambayi Auta.

"Jiya da yamma, Yallaɓai. Na ba shi magani, na shige ɗakina."

Likita ya ja Sufeto gefe. "Wannan ba mutuwar jiya ba ce. Faɗuwa ya yi, kuma ya kwana biyu a nan."

Da rana babbar 'yar marigayin ta iso daga garin da take aiki, ido jawur, kwamfuta a hammata.

"Ba zai yiwu ba, Yallaɓai. Har yau da safe Baba ya kunna fitila."

Ta yi masa bayani. Rubuta manhaja ne sana'arta. Da mantuwa ta fara kama mahaifinsu, sai ta sa wa gidan fitilu masu haɗuwa da waya, ta rubuta manhajar da ke zana mata kunnawa da kashewarsu. Kowane ɗaki da layinsa a allo. Kullum da safe ta ga layin ɗakin Baba ya yi haske, sai ta tafi aiki da kwanciyar rai.

Sufeto ya daɗe yana kallon zanen. Ya tuna tasa tsohuwar, wadda shi ma sai dai ta waya yake jin lafiyarta.

"Malama, abin nan yana bambanta hannu da waya?"

Ta dubi zanen. "Yana ajiyewa. Ni ce ban taɓa zana shi ba."

Ta yi danne-danne na ɗan lokaci, zanen ya sake launi. A kwanakin baya da hannu ake taɓa makunnin bango. A na ƙarshe kuwa duk daga waya ne.

"Wayar wa?"

"Ban raba su ba. Auta yana da izini, mai jinyar da na ɗauka wa Baba ma haka."

Mai jinya ta zo tana rantse-rantse cewa ba ta taɓa fashi ba.

"To wane abinci kika ba shi shekaranjiya?"

Ta fara in-ina, sannan ta saki kuka. "Auta ne ya ce in huta, zai kula da shi. Ya ce kada Anti ta ji." Ta saci kallon 'yar marigayin.

Sufeto ya zaunar da Auta a falo, ya juyo masa allon.

"Ga ɗakin Baba, ga banɗaki, ga kicin. Duk suna kunnuwa a kan lokaci. Wannan layin na ƙasa da bai yi haske ba fa, na wane ɗaki ne?"

Auta ya dubi allon. "Nawa ne."

"Ka ce a ciki kake kwana. A duhu kake cire takalmi? Ka tuna da ɗakin kowa, ka manta da naka."

Auta ya dafe kai.

"An kira ni gwajin ɗaukar aiki a wani gari. Tun da Baba ya kwanta ban nemi komai ba. Na sallami mai jinya don kada ta kai rahoto, na ajiye masa abinci da ruwa, na sa sakata kada ya fita ya ɓace. Na ce kwana ɗaya ne. Sai suka ɗage gwajin."

"Kana can kana kunna fitila?"

"Don kada Yaya ta kira."

"Da ka faɗa min!" yayar ta ce.

"Na sha faɗa, Yaya. Kullum sai ki ce kin duba, komai lafiya. Ke fitila kike gani. Ni nake ɗaga shi, ni nake canza masa zanin gado."

Ta rufe kwamfutar.

Sufeto ya miƙe a hankali. Tausayi daban, doka daban. An kulle mara lafiya an tafi, ya mutu shi kaɗai. Ya yi wa kofur ɗin da ya zaro ankwa alama ya mayar da ita aljihu, ya ce Auta ya biyo su.

A bakin mota Auta ya tsaya.

"Yallaɓai, in likita ya gama, a bar ni in yi masa wanka. Kafaɗarsa ta hagu tana ciwo. Ni kaɗai na san yadda ake juya shi."

Sufeto ya buɗe masa ƙofa da hannunsa.