Rigar Digiri Mai Ƙunar Guga

Da hantsi aka buga wa Sufeto waya cewa an tsinci gawar Mai-hoto a shagonsa. Ko rabin shayinsa bai sha ba ya ture kofin, ya ce wa Sajan ya tayar da mota.

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani tsohon bene, da shuɗin labule a bango inda ake tsayar da mutane a ɗauke su. Mai-hoto na kwance rigingine, jini ya bushe a ƙeyarsa da gefen wata kujerar ƙarfe. Kyamararsa na tsaye inda take, wayarsa na cikin aljihu.

"Yallaɓai, ɓarawon da ya bar kyamara ai ba sata ta kawo shi ba," in ji Sajan.

Idon Sufeto na kan tebur. An yi kokawa a ɗakin nan, kwandon shara ya kife, fitila ta faɗi ta fashe. Amma hotunan da ke kan tebur an jera su tsaf, manya a ƙasa ƙanana a sama, an ɗaure su da koren zare irin na fayil ɗin gwamnati. Wasu har da sawun takalmi a jikinsu. Ke nan wani ya durƙusa kusa da gawa yana tsintar hotuna daga ƙasa yana jerawa.

Ya juya ɗaurin a hannunsa. Ƙulli biyu ne, sannan aka soke bakin zaren ta ƙasa don kada ya yi reto. Da irin wannan ɗauri ake ɗaure masa littattafai tun yana firamare. Sai ya ce wa zuciyarsa akawun gwamnati ai sun fi a ƙirga.

Matar mamacin na zaune a bakin ƙofa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ita ta fara ganinsa. Ta ce yakan kwana a shago idan aiki ya yi yawa, shi ya sa ba ta neme shi ba sai da gari ya waye.

"Duba ɗakin da kyau," in ji Sufeto. "Akwai abin da babu?"

Ta ɗaga kai ta nuna wata ƙusa a bango. "Rigar."

"Wace riga?"

"Baƙar rigar nan ta masu gama jami'a, da hularta. Ita yake sa wa mutanen sama."

Mutanen sama, in ji ta, su ne masu zuwa ofishin da ke saman benen. Wani mai kwat ne ya kama ɗaki ɗaya da tebur da na'urar buga takarda, yana sayar da digiri na jami'o'in ƙasashen waje, jami'o'in da ko allon suna ba su da shi a duniya. Ka hau sama da safe, ka sauko da takardarka, ka shiga wurin Mai-hoto a sa maka riga. Kafin azahar ka gama karatun da wasu ke shekaru suna yi. Tun da gwamnati ta ce za ta tantance takardun ma'aikatanta mai kwat ya ɓace, ko ƙurarsa ba a gani ba.

"Za ki gane rigar in kin gan ta?"

"Ko a duhu. Ni na ƙona ta da dutsen guga a kafaɗar hagu. Ya yi ta faɗa, ya ce babu kuɗin sabuwa, haka nan za a riƙa sawa."

Sufeto ya fita waje ya jingina da mota. A ɗakin mahaifiyarsu akwai hoton yayansa cikin baƙar riga da hula, a saman talabijin. Sau nawa ya ga wannan tabon a kafaɗar hagu, ya ɗauka gilashin hoton ne ya yi datti. Yaya ne ya bar makaranta ranar da aka binne mahaifinsu, ya kama aikin akawu a ma'aikatar ayyuka, ya riƙe gida, ya ga Sufeto har ƙarshen karatu. Bara waccan ya zo ya ce ya gama digiri ta karatun nesa, aka yi ta murna. Sufeto ɗan sanda ne mai tambayar tsiya, amma ko sunan jami'ar bai tambaya ba, kuma ya san dalilin da ya hana shi.

Da ya koma ciki, matar mamacin ta ƙara da cewa jiya an aiko wa mijinta daga ma'aikatar ayyuka, ya je yau ya ba da shaida gaban kwamitin tantancewa, ya tafi da rigar. Sufeto ya ce su nufi can. A hanya babu abin da yake roƙo sai Allah ya sa wani ne.

Daraktan mulki ne shugaban kwamitin, mutum mai tumbi da zobba. Ofishinsa sanyi ƙalau. A bangon bayan kujerarsa akwai ƙusa, da wani wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi sauran haske.

"Ka san Mai-hoto, ranka ya daɗe?"

"A ina zan san shi? Sunansa kawai aka kawo mana."

"A ina ka yi naka digirin?"

"Ƙasar waje. Sanyin da na sha a can sai wanda ya je."

"Hoton da aka cire daga bangon nan fa?"

"An kai gyaran firam."

Sufeto ya buɗe ƙofa ya ciro kalandar ƙungiyar ma'aikata daga bayan sakatariya, ya shimfiɗa a kan tebur. Kowane wata da hoton babban jami'i ɗaya. Ya fara buɗawa. Darakta cikin baƙar riga. Mataimakinsa cikin baƙar riga. Mai kula da gine-gine, mai kula da albashi, duk haka. Wannan ya ce gabas ya yi karatu, wancan ya ce yamma, amma a kafaɗar kowannensu ga bakin dutsen guga nan ɓaro-ɓaro, ga shuɗin labule a baya. Sun kwashe na bango, sun manta da na kalanda.

"Ashe mai guga ɗaya ke wa jami'o'in duniya aiki," in ji Sajan a hankali.

Darakta ya goge goshi. "Sufeto, ka bi a hankali. Ni ma na san mutane."

"Jiya da yamma kana ina?"

A nan ƙaryarsa ta ƙare, abin da bai yi wa Sufeto daɗi ba. Tun azahar Darakta yana taron bita a otal, shi ya rufe taro, har an nuna shi a labarai. Sajan ya buga waya ya tabbatar.

"Wa ka aika ya kira Mai-hoto?"

"Shugaban ɗakin fayil. Baban Fayil muke ce masa. Ku je, yana ƙarshen baranda."

Sufeto ya san inda yake. Ya bi barandar, ya wuce ƙofar ɗakin fayil, inda yayansa ke aiki, kamar bai gan ta ba, ya hau sama. Tun kafin su baro shagon Mai-hoto wani tela da ke maƙwabtaka da shi ya ce musu ya ga wata mata da farar mota jiya bayan la'asar, kuma akwai farar mota ɗaya a farfajiyar ma'aikatar.

Mai motar ita ce shugabar sashen albashi, wadda ake ce wa Hajiyar Albashi. Da farko ta rantse ko unguwar ba ta sani ba. Da Sufeto ya ajiye mata kalanda a gabanta, ya ce za a kira tela ya dube ta, sai ta aiki sakatariyarta sayen ruwa ta rufe ƙofa.

"Na je," in ji ta. "Roƙonsa na je yi. Ina da 'ya'ya a jami'a, da wane ido zan dube su?"

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce in kwantar da hankalina, sun gama magana da Darakta. Manya babu wanda zai ambata. Amma dole kwamiti ya samu abin nunawa, don haka ƙanana zai lissafa, akawu da masu buga takarda."

"Da ransa kika bar shi?"

"Har mota ya raka ni. Ka tambayi Baban Fayil, yana zaune a benci a bakin shagon yana jira. Har ya tashi ya gaishe ni, bawan Allah."

Suna saukowa Sajan ya tsaya a tsakiyar bene. Sun daɗe suna aiki tare, ya sha cin abinci a gidan Yaya.

"Yallaɓai, ko in shiga ni kaɗai?"

"A'a."

"Ko mu mayar wa babban ofis su turo wani?"

"Wanda za su turo da mari zai fara. Mu je."

Ɗakin fayil dogo ne, ba taga sai ɗaya, kantoci har rufi. Ko'ina warin tsohuwar takarda, amma babu ƙura, babu fayil ɗin da ya karkace. Yaya na zaune a teburinsa da tabarau a kan hanci, yana huda takardu.

"Auta, kai ne? Zauna mana. Sajan, ya gida?"

Sufeto bai zauna ba. "Yaya, jiya ka je shagon Mai-hoto?"

"An aike ni da safe. Na isar da saƙo na dawo."

"Ba ka koma ba?"

"Me zai mayar da ni?"

Tun da aka haife shi bai taɓa jin Yaya ya yi ƙarya ba, kuma ga shi bai iya ba, idonsa na kan abin huda takarda. Sufeto ya ciro ɗaurin hotunan daga leda ya ajiye kusa da fayilolin da ke kan tebur. Zare ɗaya, ƙulli ɗaya.

Yaya ya daɗe yana kallonsu. Ya cire tabarau ya ninke.

"Ba na iya ganin takarda a ƙasa," in ji shi. "Wallahi ban san ina yi ba sai da na gama ɗaurewa."

Ya tashi ya je ƙarshen ɗakin, ya sauko da wani ƙunshi daga kanta ta sama, naɗe cikin takarda, ɗaure da koren zare. Rigar ce da hularta.

"Na so in ƙona ta. Na kasa, kayan mutane ne."

"Yaya, me ya kai ka sayen takardar nan?"

"Yaran da na koya wa buɗe fayil su nake ce wa ranka ya daɗe. Duk lokacin ƙarin girma sai a ce Baban Fayil ya iya aiki, amma ba shi da takarda. Darakta da bakinsa ya kwatanta mini benen. Ya ce kowa can ya bi." Ya zauna. "Watanni kaɗan suka rage in yi ritaya. In aka kore ni babu fansho, babu komai. Mama da magani, yarana da makaranta."

"Sai ka koma."

"Na koma in roƙe shi. Har ƙasa na durƙusa, Auta, ga yaron da na girme wa nesa ba kusa ba. Ya ce sunana ne na farko, don ni ba ni da kowa a sama. Sai na ce in babu rigar ai babu shaida. Na fizgo ta daga ƙusa, ya riƙe, muka yi ta ja. Da na fizga da ƙarfi ta kuɓuce masa, ya tafi da baya. Na kira sunansa, na yayyafa masa ruwa, bai motsa ba."

"Me ya hana ka kira ni?"

"In kira ka in ce me? In sa ka zaɓa tsakanina da aikinka?"

 Sufeto ya ga yadda abin zai ƙare tun ba a je ko'ina ba. Mai kwat ya gudu, mai shaida ya mutu, kwamiti zai rubuta cewa ya bincika ya samu mutum ɗaya. Da hannunsa Yaya ya wanke duk mutanen kalanda.

Sajan ya ciro ankwa, ya juya ta a hannu, ya mayar aljihu. Yaya ya jera fayilolin da ke gabansa, ya kashe fanka, ya kulle ɗakin, ya miƙa wa mai buga takarda makulli. Ma'aikata sun cika baranda suna leƙe, babu wanda ya ce masa sannu.

"Ka bar ni in gaya wa Mama da kaina," in ji Sufeto da suka isa mota.

"Ka bari ta ci abinci tukuna. In ta ji ba za ta ci ba."

Yaya ya hau bayan mota ya zauna a bencin masu laifi. Sufeto ya tsaya riƙe da ƙofar gaba, ya kasa shiga. Bai taɓa zama a gaba Yaya na baya ba. Ya saki ƙofar ya zagayo, ya ɗora ƙafa zai hau. Yaya ya tare shi da hannu.

"Koma gaba, Auta, mutane na kallo. Ka riƙe aikinka da kyau, shi kaɗai ya rage mana a gidan. Kai naka takardun na gaske ne."

Sufeto ya sauke ƙafarsa, ya koma gaba ya rufe ƙofa.