Hayaƙin Gonar Kwari

Ranar wata Talata, dab da magariba, Malam Maccido ya baro Kebbe a kan babur da maganin shaƙa a aljihu, zai kai wa matarsa Hadijatu a Fakku. Kwana huɗu ke nan ciwon fuka ya tasar mata, kwana huɗu kuma ke nan da hayaƙi ya kwanta a kan garin ya ƙi tashi.

Duk wanda ya san bazarar wannan ƙasa ya san akwai kwanakin da iska ke ɗaukewa kafin ruwan fari, hadari ya haɗu a gabas ya watse, ganye ko motsi ba ya yi. Mutanen dauri ba sa ƙona sharar gona a irin waɗannan kwanaki. In sun tashi ƙonawa, da hantsi suke yi, bisa ƙa'ida: a yi sallama sau uku ga masu wuri, waɗanda ido ba ya gani, a dakata, sa'an nan a kunna ta gefe uku, a bar gefe ɗaya su fice da 'ya'yansu. Shekara arba'in Maccido bai saɓa wannan ba.

Bana ɗansa Ziyad, ma'aikaci a Sakkwato, ya zo hutun kwana biyar. Ya ce camfi ne, kuma ba shi da lokacin jiran iska. Ranar da uban ya tafi jana'iza wani ƙauye, Ziyad ya kewaye gonarsu, Gonar Kwari, da fetur ta ko'ina, ya watsa tsoffin jarkokin maganin ciyawa a tsakiya, ya ƙyasta ashana.

Hanyar gida ta gefen wannan gona take bi. Da Maccido ya gangaro kwarin, hayaƙin ya yi kauri har fitilar babur ba ta wuce tayar gaba. Warin ƙonanniyar roba ya cika masa maƙogwaro. Injin ya yi tari biyu, ya mutu.

Ya saurara. Ba kukan tsuntsu, ba kiran salla daga gari, alhali lokacinta ya yi.

Sai ya ji tari. Tarin jariri ne, siriri, mai fita da ƙyar. Wani ya amsa daga hagu. Wani daga baya.

Ya fara Ayatul Kursiyyu, hayaƙi ya yanke masa ita a tsakiya.

A kan tokar gonar wata mace tana zaune, doguwa ƙwarai, ko a zaune ta fi shi tsawo. Gefen zanenta na ci da wuta a hankali, ba ta kula ba. Tana rungume da wani abu a tsumma, abin ba ya motsi.

"Maccido ɗan Tambaya," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara arba'in kana muna sallama. Bana mi yah hana?"



Ta ce ba a bar musu ƙofa ba. Ta ce cikin ɗiyanta huɗu, uku ta fitar. Ta ce numfashin matarsa jingina ne kawai suka riƙe, wanda suke nema shi ne na mai ashanar, kuma hayaƙi ya hana su ganin fuskarsa.

"Wa yak kunna?"

Ziyad yana gida, gobe zai koma. Yana da mata da 'ya'ya biyu ƙanana. Maccido kuwa mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ko a gaban alƙali.

Tarin ya matso. Ya ji ɗumin wani abu a bayan wuyansa.

"Ni nak kunna," in ji shi.

Ta dube shi, ta daɗe.

"Ba halinka ba ne."

"Tsuhwa ta kama ni. Na mance."

Ta miƙo hannu daga inda take zaune, hannun ya yi ta zuwa. Yatsa ɗaya ta ɗora masa a ƙirji. Sanyi ya ratsa shi har baya, kamar an zare igiya daga cikinsa.

Ya bar babur a nan. Da rarrafe ya hau tudu, masu dawowa daga masallaci suka tsince shi a bakin gari, maganin na damƙe a hannunsa.

Kafin asuba aka yi ruwan fari, hayaƙi ya wanke. Hadijatu ta tashi garau, ba ta ko buɗe maganin ba. Maccido ne tun daga ranar ba ya iya taku goma sai ya zauna, ba ya ƙarasa Fatiha da numfashi ɗaya. An kai shi asibiti a Tambuwal, an ce huhu ya taɓu. Matarsa kaɗai ya faɗa wa abin da ya gani, ya kuma rantsar da ita.

Ziyad na zuwa duk salla. Yakan zauna a zaure cikin masu gaisuwa, lafiya lau, ya girgiza kai ya ce, "Ai Baba ba ya jin magana. Mutum da shekarunai, mi zai kai shi cikin hayaƙi?"

Maccido na kwance a tabarma yana jinsa. Yakan buɗe baki, ya ja iska, ta tsaya masa a rabin ƙirji. Sai ya juya fuska bango.