Jan Gizon da Ya Shiga Ɗakin Eusebio

Da hantsi aka kira Sufeto Casilda Berrio, aka ce an tsinci gawar Eusebio Moleón a ƙarƙashin tsohon rumbunsa na shanya taba. Ba ta nemi kwatance ba. A wannan ƙauyen na bayan Granada aka yanke mata cibiya, kuma da uwarta ta rasu, matar Eusebio, Inna Rosenda, ita ta riƙa taje mata kai tana tura ta makaranta da burodi da man zaitun.

Noman taba ya daɗe da mutuwa a ƙauyen. Rumbunan na nan tsaye, amma noman ya koma ƙarƙashinsu, inda ake rainon wiwi da hasken fitila a ɗakunan da ba su da taga. Kowa ya sani, kuma in ka tambaya ba wanda ya san komai.

Saje Quirós ya tarye ta a kan matakala. "Ranki ya daɗe, ki dake. Ba gawar ce abin tsoron ba."

Gaskiyarsa. Shukokin suna tsaye a jere, kowace an lulluɓe ta da farar yana tun daga sama har ƙasa kamar likkafani. Da ta matsa kusa sai ta ga yanar tana motsi, wasu ƙwari ƙanana kamar garin barkono suna kai da komo a kanta.

"Jan gizo ke nan," in ji Saje. "In ya ci ƙarfin mutum, sai a toshe ɗakin a sako iskar nan da ke sa giya kumfa, ta shaƙe su. Ga tukunyar can a waje, ga tiyo ta ƙarƙashin ƙofa. Likita ya ce ita ta kashe shi."

Eusebio na kwance a bayan ƙofa cikin farar rigar aiki, faratansa duk sun karye. Casilda ta duba ƙofar. Sakatar daga waje take, kuma salatif ɗin da aka liƙe gefunan da shi daga waje aka manna.

Inna Rosenda tana zaune a kan dutse a bakin rumbun, baƙaƙen kayan da ta daɗe tana sawa suna jikinta, idonta a bushe. Ita ta buɗe ƙofar da safe.

"Inna, wa ya san da ɗakin nan?"

"'Yata, kin san amsar. Wanda ya ƙone min ɗa ai bai mutu ba. Je ki tambayi Baldomero."

Shekarun baya Baldomero ya jona wayar sata don fitilunsa, wuta ta kama da tsakar rana, ta ci saman gidan Eusebio da ke jikin nasa. Jacinto, ɗan Rosenda ɗaya tilo, yana barci a sama. Kotu ta tsare Baldomero na ɗan lokaci ta sake shi, ƙauyen kuwa bai sake shi ba. Casilda ta kama hanyar gidansa tana fata a ranta ya zama shi ne. Kunya ta kama ta, amma ba ta daina fatar ba.

Ba ta ga kowa a gidan ba. A bakin wata ƙofa ta bayan murhu ta ga kwat da wando rataye a ƙusa, ga takalma a ƙasa. Tana ƙwanƙwasawa Baldomero ya buɗe, ramamme, cikin farar riga irin ta mamacin.

"Kin iya sana'ar, Sufeto. In kaya na kan ƙusa, mai su na ciki. Ba mai shiga wurin shuka da kayan waje." Ya kauce mata. "Ke dai shigo da kwat ɗinki, ba abin da ya rage a ɓata."

Ɗakinsa ya fi na Eusebio lalacewa. Yanar gizo har a kan fitilu, ganyaye sun yi rawaya suna zuba.

"Yaushe rabonka da Eusebio?"

"Tun ranar gobara. Ko a jana'iza muka haɗu, kowa gefensa."

"To kujeru biyu fa? Da kofuna biyu? Gizon kake wa shayi?"

Ta ɗauki gilashin ƙara girman abu da ke kan kujera ta biyu. An ɗaure ƙotarsa da jan zare. Da shi Eusebio ya taɓa cire mata ƙaya a ƙafa tana yarinya.

Baldomero ya zauna. "Tun lokacin sanyi yake zuwa. Ya ji gizo ya cinye ni, ba mai ko leƙo ni. Ya zo da sabulu da ruwa, muka riƙa wanke ganye ɗaya bayan ɗaya. Ba ma magana. Ran nan ya ce min, 'Baldo, na gaji. Ƙiyayyar nan ta fi gawar yaron nauyi.'" Ya share fuska. "Na ce masa ya riƙa sauya kaya. Gizon nan ba ya tashi sama, a jikin rigar mutum yake tafiya, kuma duk ƙauyen nan ɗakina kaɗai yake. Duk ranar da ya ɓulla a nasa, an san inda ya je."

Casilda ta tuna wani abu. Akwai ƙusa a bakin ƙofar Eusebio, ta gan ta da safe, kuma ba komai a kanta.

Tukunyar iskar ta mashayar Frasquito ce. Yana goge kofuna ya rantse da kabarin ubansa cewa sace ta aka yi.

"Da me ɓarawon ya ɗauke ta, Kawu?"

"Da barona mana, ɗan banza."

"Wancan baron da ke jingine? Ɓarawo mai tarbiyya. Ya dawo da shi, har ya wanke maka taya."

Frasquito ya ajiye kofin. Mace ɗaya ce a ƙauyen take mayar da kayan aro a wanke, kuma su biyun sun san ta.

"Ta ce Eusebio ne ya aiko ta, bayansa na ciwo," ya faɗa a hankali. "Casildita, don Allah, ita ta raine ki."

Ta fi son a aike ta ko'ina a duniya da ta shiga gidan Inna Rosenda, amma ta shiga. Tsakar gidan yana nan yadda ta san shi, da bishiyar lemun tsamin da Jacinto ya shuka yana yaro, wadda Rosenda ke goge wa ganye da tsumma. Ta ratsa ta ƙarƙashin rassan ta isa bakin madafa.

"Inna, ke kika ɗauko tukunyar."

Rosenda ba ta daina yankan albasa ba. "Ni ce. Shi ya ce in toshe ɗakin in buɗe iskar. Na duba ƙusa ba kaya, na ɗauka ya tafi gona. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

"Amma kika ce in kama Baldomero."

"Ko yau aka kama shi an makara."

Casilda ta juya ga igiyar shanya. Kwat ɗin ulu na Eusebio na rataye yana ɗigar ruwa, ya tsuke ya koma kamar na yaro. Ga wandonsa, ga takalmansa a kife a kan katanga.

"Wa ke dafa ulu a tafasasshen ruwa, Inna? Ke kika koya min ba a yi. A kan ƙusa kika same su jiya. Kika kwashe su don ki ce ba ki san yana ciki ba. Me ya hana ki cusa su a kabad ki yi shiru?"

Wuƙar ta tsaya.

"Da su yake shiga gidan wancan," in ji Rosenda. "Ba zan shigo da su haka kusa da lemun Jacinto ba."

Ta goge hannu, ta zauna. "Ranar da na juya ganye a ɗakin Eusebio na ga jan abin nan, ba wanda ya gaya min komai, na san inda yake zuwa. Na tambaye shi, ya ce ya yafe. Ya yafe! Da izinin wa? Ni na haife shi." Muryarta ta yi ƙasa. "Na zura sakata, na liƙe, na buɗe iskar. Ya yi ta bugun ƙofa yana kiran sunana. Sun ce Jacinto ma ya buga. Na zauna a kan matakala na ce bari in ji yadda abin yake, tun da ran nan ba na gida." Ta ɗaga kai kamar mai sauraro. "Bai daina ba, 'yata. Ba kya ji?"

Casilda ba ta ji komai ba sai ɗigar ruwan kwat ɗin. Saje ya shigo da ankwa, ta girgiza masa kai. Ta miƙa hannu don ta tayar da tsohuwar, ta rungume ta ko sau ɗaya kafin a fita da ita.

Rosenda ta ja da baya. Idonta na kan kafaɗar Casilda, inda wani siririn farin zare ya maƙale.

"Daga ina kike?"

Casilda ta dubi zaren da ke kafaɗarta.

"Kin shiga ɗakin Baldomero da wannan kwat ɗin. Kika ratsa ta ƙarƙashin bishiyar." Sai ga hawayen da ba ta zubar wa mijinta ba. "Kar ki taɓa ni. Wallahi kar ki taɓa ni."

Saje ne ya riƙe ta suka fita, ta bi ta jikin bango nesa da rassan. Casilda ta tsaya a tsakar gidan da hannunta a miƙe, har ta ji an rufe ƙofar mota.