Jan Zare a Kan Dawa

Tun daga bakin mayo, wato kogin garin, Sumayyat ta hango fararen takardu warwatse a cikin kunyoyi. Ta ƙara sauri.

Jakunkunan takardar da ta rufe zangarniyar dawa da su ne, duk an yage. A tsakiyar gonar kuwa ga Dada Fatu, mahaifiyar Mubashshir, tsaye da jan zare cike da hannunta.

"Dada... ina kwana."

"Riƙe gaisuwarki. Mene ne wannan kika ƙulle mini a gona?"

Sumayyat tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun inganta iri. Mubashshir, wanda ke neman aurenta, shi ya ba ta aron gefen gonarsu ta bayan Lamorde. So take ta haɗa kaurar gidansu mai daɗin tuwo da wata dawar makaranta wadda ciyawar wuta-wuta ba ta kashewa.

"Habibat ta gaya mini komai," in ji Dada. Habibat 'yar ƙaninta ce, ita ta so ɗanta ya aura. "Takarda da rubutu, an ɗaure da jan zare. Ni yarinya ce? Kin ɗaure mini ɗa, yanzu kin zo kan abincinmu. Muddin ina da rai, babu wannan aure."

Ana haka Mubashshir ya iso yana haki. Ya dubi uwarsa, ya dubi Sumayyat, ya rage murya.

"Hasken idona, ba ta haƙuri kawai. Zan nemo miki wata gonar."

"In ba da haƙuri a kan me, Hamma Mubashshir? In na ba da, na amsa ke nan asiri nake yi."

"Sumy..."

"Kuma dawa ba ta jiran kowa. Waɗanda aka buɗe, iska ta riga ta zuba musu bununin wata dawar da ban sani ba. Sun tashi daga aiki."

Hawaye ya cika idonta, amma ba ta bar shi ya zubo ba. Ta zaga gonar a hankali. A can ƙarshe akwai 'yan zangarniyoyi da ba su fara fure ba.

Ta dawo ta durƙusa gaban Dada.

"Gobe da safe zan sake ɗaurawa. Ki zo ki zauna kusa da ni. Ranar da kika ga abin da ba na Allah ba, ni da kaina zan rabu da ɗanki."

Dada ta taɓe baki. "Zan zo. Da carbina."

Ta kuwa zo, da carbin da 'yar kujerarta.

Sumayyat ta ɗauki ɗan hantsaki tana buɗe furen dawa ɗaya bayan ɗaya, tana cire 'yan ƙananan abubuwan da ke fitar da bununi, don kada dawar ta yi wa kanta barbara. Wuyanta ya ƙage. Ƙaiƙayi ya cinye mata hannu. Dada dai ido ta zuba wa leɓenta, tana jiran ta ji surkulle.

Ba ta ji komai ba sai atishawa.

"Rubutun fa?" ta tambaya wata safiya.

"Sunan dawar da ta zama uwa da wadda ta zama uba ne, Dada. Zaren kuma don in gane wadda na gama."

Ranar zuba bununi iska ta taso. Sumayyat ta karkaɗe bununin dawar makaranta a jaka, tana fama ta kifa a kan kaurar, jakar tana neman kuɓuce mata.

"Ke, za ki zubar. Kawo nan."

Dada ce ta riƙe karan, ita ta ɗaure zaren da hannunta. Da Habibat ta leƙo da rana tana cewa, "Goggo, har ke ma ta kama ki?" Dada ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In ba ki da aiki, je ki kori tsuntsaye."

Kaka ta yi. Abin da aka samu bai cika tafin hannu ba. Dada ta juya ƙwayoyin da yatsa.

"To, baɗi sai mu cika gonar da shi."

"Da saura, Dada. Sai an shuka a zaɓa, a sake shukawa a sake zaɓa. Damina biyar ko shida kafin irin ya tsaya."

"Shida? A gonata?"

"In kin yarda..."

"Kina hawo keke kullum daga gidanku a Lokuwa, rana ta take kafin ki iso?"

Sumayyat ta sunkuyar da kai.

Dada ta juya wajen Mubashshir, wanda ya laɓe a bayan dami kamar ba ya saurare.

"Kai, sarkin ba da haƙuri. Je ka gaya wa Baffanka su shirya goro su tafi Lokuwa. Ba zan yi shekara shida ina jiran yarinya a bakin hanya ba."

"Dada, yau?"

"Ka fi son in aiki Habibat?"

Ya ruga a guje, takalminsa ɗaya a kan kunyar dawa ya bar shi.