Wake a Cikin Kwando

A wani zamani ruwan sama ya ja baya, itatuwa suka ƙare a wani gari, itacen girki sai an yi doguwar tafiya. A garin akwai wata mata da kullum itacenta ke raguwa. Maƙwabciyarta kuwa ba ta cika zuwa daji ba, amma kullum 'ya'yanta da dafaffen wake.

Matar ta ce a ranta, "Wake mai cin wuta? Lallai itacena take kwashewa."

Sai ta ɗauki kasko ta shiga gidan. "Yaya, na zo ɗibar wuta."

"Ayya, ta mutu tun hantsi."

Ta leƙa nan, ta leƙa can, ba itace, sai wani ƙaton kwando lulluɓe da tsumma.

Kashegari ta koma. "Yaya, na zo ɗibar wuta." Shiru. Ta leƙa nan, ta leƙa can, ba kowa.

Ta ce, "Yau asiri zai tonu!" Ta yaye tsumman, tururi ya bugi fuskarta. Ashe tukunyar wake ce binne cikin ƙaiƙayi.

"A kwando ake ɗibar wuta yanzu?" in ji maƙwabciyar daga bakin ƙofa.

Kunya ta rufe matar. "Yaya, na zaci itacena ne a ciki."

"Haba, ƙanwata! In wake ya tafasa sosai sai in binne tukunyar nan, in kashe wuta, ya ƙarasa nuna da kansa."

Matar ta ajiye kaskon a hankali. "Yaya, na zo ɗibar ƙaiƙayi."