Abin Da Ke Cikin Igiyar

"Nafi, ki faɗa min gaskiya... me kika sa a ciki?"

Na dubi tafin hannun Faizal, saurayin da zan aura. Igiyar makullin da na saƙa masa ce, an bi ta da reza an farke, zare ja da fari sun yi buzu-buzu kamar hanjin kaza.

A bakin ɗakin wankin ƙoda muke, Innata na ciki.

Tun da ciwonta ya tsananta na bar shagonmu na kasuwar Naif, a nan ƙasar da muke ci-rani, na dawo zaman asibiti. Wata tsohuwa 'yar Japan mai jinyar mijinta ta ga na kusa cinye farcena don fargaba, ta miƙo min wani faifan soso mai huda a tsakiya da zaruruwa. Sunan saƙar Kumihimo, in ji ta. Ka sauke zaren dama, ka hau da na hagu, ka juya faifan. Shi kaɗai ke sa zuciyata ta zauna wuri ɗaya.

"Zare na sa, Faizal."

"Sherifa ta ce ta gan ki kina ƙulle-ƙulle, bakinki na motsi... kina tofi."

Sherifa yayarsa ce. Tun daga garinsu Kumasi take masa tanadin ƙawarta, ni kuwa 'yar Maraɗi na zame mata ƙashin kifi a wuya. Sau ɗaya ta zo duba Inna, hanci a toshe da mayafi, ashe ido na aiki.

"Dama ƙasa, hagu sama. Abin da bakina ke faɗi ke nan, kar in ɓata saƙa."

"Ta ce tun da na karɓi igiyar ba na jin maganar kowa sai taki."

"Sai kuka farke. To, kun ga laya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba komai a ciki. Habibti, mepa wo kyɛw, ki yi haƙuri. Dama don hankalina ya kwanta ne..."

Wallahi ƙyamarsa na ji, irin ta ƙuda a cikin fura. Mutumin da saura kaɗan a ɗaura mana aure, ya ga ba komai, amma ya ratso gari tun daga unguwar Al Qusais don ya sake tambayata.

"Faizal, da ina da ƙullin da ke ci, kana ganin a kanka zan ɓata shi, uwata na kwance jininta na zagaye cikin inji?"

Na juya zan shige.

"C'est fini. Khalas, ta ƙare. Ka gaida Sherifa."

"Nafi!"

Na shige na ja ƙofa. Inna ta buɗe ido da ƙyar.

"Muryar surukina nake ji? Ce masa ya shigo mana, in sa muku albarka tun ina iyawa."

Na gyara mata bargo.

"Ba shi ba ne, Inna. Wani ne ya ɓata hanya."